ZANCEN IYALI: "Lafiya Lau" Ba Ta Ishe Mu Ba

A wannan wata za mu fara da furta laifinmu, gama bai kamata mu yi wa wani faɗa a kan abin da mu ma muka kāsa ba.

Akwai wata tsohuwa gwauruwa a ikkilisiyarmu, kowa Iya yake ce mata. Da mijinta ya rasu, sai ta koma gidan ƙanenta a cikin birnin Kano, can wani lungu bayan Kasuwar Kurmi. Mutanen gidan Musulmi ne, sun kuwa riƙe ta da mutunci. Mu kuma kowace Kirsimeti mukan je da shinkafa da turmin atamfa. Mukan durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta mu ce, "Iya, ina wuni? Yaya jiki?" Ita kuma ta ce, "Lafiya lau, 'ya'yana, sai godiya." Mu yi addu'a, mu tashi, zuciyarmu fari fat, wai mun sauke nauyi. Shekara uku muna haka. A ta huɗu ne wata yarinya 'yar gidan ta rako mu zaure, ta ce, "Baba, ashe ba ku sani ba? Ai Iya ba ta gani. Da murya take gane ku."

Da muka koma muka zauna sosai, sai labari ya fito. Yana ce ta rufe mata ido a hankali. Da ido ya yi rauni, ba ta iya bambanta takardun kuɗi, sai ta bar sayar da daddawa da kuka. Da ciniki ya tsaya, ta fita daga adashi. Da ba adashi, ba abin da za ta kai gudummawar biki ko suna, kunya ta hana ta zuwa. Sujada ma ta daina zuwa, ta aiko mana cewa ƙafa ce. Kun ga yadda abu ɗaya ya jawo ɗan'uwansa: daga ido zuwa aljihu, daga aljihu zuwa zumunci. Mu kuwa masu zuwa sau ɗaya a shekara da tambaya ɗaya, ba abin da muka gani.

Birnin Kano kansa ya taɓa shiga irin wannan duhu. A watan Afrilu na 2020, lokacin cutar korona, masu haƙar kabari ne suka fara cewa gawawwaki sun yi yawa, yawancinsu kuma tsofaffi. Gardama ta kaure. Gwamnatin jiha ta ce hawan jini ne da ciwon suga da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau, waɗansu suka ce korona ce. Gwamnatin tarayya ta aiko da likitoci, Dokta Nasiru Sani Gwarzo yana shugabantarsu. To, da me za su yi aiki? An riga an binne mutanen, yawancinsu kuma a gida suka cika, ba takardar asibiti. Dole suka bi gida gida suna tambayar dangi yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare. A watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin gari, yawancinsu sun haura shekara 65, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari korona ce ta tarar da wani ciwo da yake jikinsu tun dā. Ku lura da kalmar "mai yiwuwa". Bayan mutum ya kwanta dama, iyakar abin da mai bincike zai iya faɗa ke nan.

Akwai wani irin bincike dabam, shi ne muke so mu yi zancensa yau. Ba a jira sai tsoho ya mutu. Akan zaɓi tsofaffi da yawa, a rubuta sunayensu da izninsu, a yi musu tambayoyi a kan jikinsu da abin hannunsu da mutanen da suke hulɗa da su. Bayan shekara ɗaya ko biyu a komo wurin waɗannan mutane dai, a sāke yin tambayoyin nan dai. Haka za a yi ta yi shekara da shekaru. Amfaninsa a fili yake. Wanda ya zo sau ɗaya ya tarar da Iya makauniya, matalauciya, ita kaɗai a ɗaki, ba zai san wanne ya riga wanne ba. Wanda ya yi ta komowa shi zai ce, ido ne ya fara, da an gyara ido da sauran ba su biyo ba.

A Amurka, Jami'ar Mishigan ta fara irin wannan a 1992. Suna bin mutum wajen dubu ashirin waɗanda suka haura shekara 50, kowace shekara biyu a koma musu. Ingila ta fara nata a 2002. Ba tambaya kaɗai suke yi ba. Sukan ba tsoho wani ƙarfe ya matsa don a ga ƙarfin damƙarsa, su auna saurin tafiyarsa, su faɗa masa waɗansu kalmomi su ce ya maimaita bayan an jima. A 2013 masu binciken Ingila suka fitar da wani sakamako da ya tsaya mana a rai. Sun bi mutum 6,500 wajen shekara bakwai, suka raba abu biyu: jin kaɗaici a zuciya, da kuma zaman kaɗaici na zahiri, wato ba mai zuwa, ba inda ake zuwa. Da suka cire tasirin ciwo da talauci, sai suka ga zaman kaɗaici na zahiri shi ne ya fi tafiya tare da saurin mutuwa. Wato ko tsoho ya ce shi bai damu ba, ya saba, rashin mai shigowa yana cinsa.

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne, mu nan muna da dangi. An yi irinsa a ƙasarmu. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun fara nasu a 2003 da 2004, da tsofaffi fiye da 2,100 masu shekara 65 zuwa sama, a jihohi takwas na ƙasar Yarbawa. Suka koma musu a 2007 da 2008 da 2009. Abin da suka tarar ya ba mutane mamaki. Wajen mutum ɗaya cikin huɗu ya taɓa yin ciwon damuwa mai tsanani a rayuwarsa, irin wanda yake hana barci da cin abinci da sha'awar kome. Kashi 7 cikin ɗari kuwa sun yi fama da shi a cikin shekarar da aka yi tambayar. Mata sun fi maza, yawancinsu kuma ba su taɓa samun magani ba. Da aka yi ta komowa, sai aka ga waɗanda ba su da cuɗanya da mutane sun fi saurin faɗawa cikin damuwa da gigin tsufa. Yarbawa fa ba su fi mu sakaci da iyaye ba. In haka ta samu a gidajensu, ba mu da dalilin cewa namu gidajen sun tsira.

Tun kafin wannan ma, a 1992, likitocin Ibadan da na birnin Indiyanafolis a Amurka sun haɗa kai suka bi tsofaffin unguwar Idikan ta cikin tsohon garin Ibadan, suna gwada su da baƙaƙen fata tsofaffi na can Amurka. A 2001 suka ba da labari cewa gigin tsufa yana kama na Amurka fiye da ninki biyu na yadda yake kama na Ibadan. Darasin da muka ɗauka a nan shi ne, gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa mai dalilai, ba dole ne kowane tsoho ya yi shi ba. Ba maita ba ce kuma. Muna faɗar wannan da nauyin zuciya, gama mun sha jin an kira tsohuwa mayya don ta fita da dare tana surutai, har a bakin waɗansu masu bi.

Wani abu a aikin Ibadan ya ba mu dariya, ya kuma koya mana dabara. Tsofaffi da yawa ba su san shekarunsu ba, sai masu binciken suka riƙa tambayarsu manyan abubuwan da suka faru a zamaninsu. A Kano wannan ba wuya. Iya, kina da wayo da Sarki Abdullahi Bayero ya rasu? To, 1953 ke nan. An yi miki aure kafin a naɗa Ado Bayero, ko bayan? An naɗa shi a 1963. Ɗanki na fari, da fam da sule aka yi cefanen sunansa, ko da naira? Naira ta fito a 1973. Da tambaya uku za ka iya kimanta shekarun mutum, ga kuma hira mai daɗi da za ta biyo baya.

A cikin birnin Kano ma wata baiwar Allah daga Amurka, Enid Schildkrout, ta zauna tun daga 1976 tana nazarin gidajen unguwar Kurawa da Ƙofar Mazugal. Ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta rataya a kan yara. Yaro ne mai kai talla, shi ne mai sayo kayan haɗi, shi ne mai kai saƙo da dawo da labari. A shekarar nan ce kuma aka buɗe makarantun firamare kyauta ga kowa, yara suka fara tafiya aji. Daga baya ta yi rubutu a kan matan da mazansu suka rasu. Mu ba ma kukan makaranta, Allah ya kiyaye, mishan ce ta koya mana karatu. Amma wanda ya san gidan Bahaushe ya san jika shi ne ƙafar kaka da idonta. In aka ɗauke jikoki duka aka kai su Abuja ko Jos, ko ma nan Sharaɗa da Rijiyar Zaki inda samari suke gina sababbin gidaje, a tuna an bar tsohuwa ba ɗan aike. Kuɗin da ake turo mata ta waya ba zai ɗebo mata ruwa ba, sau da yawa ma sai ta nemi wani yaron maƙwabta ya je ya ciro mata.

Zancen kuɗi kuwa, a nan ne muka fi ruɗin kanmu. Dokar fansho ta 2004 ta shafi masu albashi ne. Marinan Ƙofar Mata da dukawa da maƙera da maɗinka da masu ƙoli a Kurmi, da matan da suka tsufa a kan ƙuli-ƙuli da fura, ba wanda ya yanka musu fansho. Haka manomanmu da masu bishara da yawa na ƙauye. Fanshonsu shi ne ƙarfin jikinsu da 'ya'yansu da 'yan abin da suka ƙulle a bakin zane. Wannan ƙullin ma bai tsira ba. Tsohuwar da ta kai 80 ta ga an canja kuɗi a 1973, ta ga na 1984, ta kuma ga na farkon 2023, lokacin da takardar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane, masu asusu a gida suka rasa inda za su sa kansu. A watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, farashin abinci da na magani suka tashi. Ɗan da yake aika wa uwarsa abin da ya saba aikawa tun shekara biyar da suka wuce, yana ganin bai rage kome ba, alhali abin da kuɗin yake saya ya ragu ƙwarai. Uwa kuwa ba za ta faɗa ba. Sai ta riƙa shan maganin hawan jini yau, ta tsallake gobe, don kati ɗaya ya kai wata biyu. Gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar kula da tsofaffi, an sa hannu a dokarta a 2018, ta fara aiki a 2021. Muna yi mata fatan alheri, amma ba ma'aikacinta ne zai san Iya ta tsallake ƙwaya ba.

Bari mu faɗi wani abin da muka koya wurin maƙwabtanmu na birni, ko da zai yi wa waɗansu ɗaci. Tsoho Musulmi a Yakasai ko Mandawari yana fita masallacin unguwa sau biyar a yini. In ba a gan shi da asuba ba, ba a kuma gan shi da azahar ba, kafin la'asar wani ya yi sallama a zaurensa. Ga dakalin ƙofar gida inda tsara suke taruwa da yamma. Ba su kira shi bincike ba, amma ƙirga ce ta kullum. Mu fa? Tsohonmu sau ɗaya muke ganinsa a mako, ran Lahadi, gidajenmu kuma a warwatse suke, wani a Sabon Gari, wani a Badawa, wani a Bompai. Sai ya yi Lahadi huɗu bai zo ba kafin wani ya ce, "Af, ina Baba wane?" Amma a lura, wannan gatan na maza ne. Tsohuwa tana can cikin gida, a birni ko a wajensa, ita ce kuma binciken Ibadan ya nuna ta fi shan wuya.

Ikkilisiyar farko ta san wannan matsala. A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni ya tashi don ana mantawa da waɗansu gwauraye mata wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce a yi haƙuri kawai ba, sai da aka zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin. A 1 Timoti sura 5 kuma Bulus ya yi zancen rubuta sunayen gwauraye waɗanda suka kai shekara 60, ya kuma ɗora nauyin farko a kan 'ya'ya da jikoki, don ikkilisiya ta iya ɗaukar waɗanda ba su da kowa. Ashe tun zamanin manzanni akwai littafin suna, akwai kuma masu riƙe da shi. Wani dattijo ya tuna mana da Dawuda, wanda ya ƙirga jama'a ya jawo annoba. Muka ce masa, Baba, Dawuda mayaƙa ya ƙirga don ya san ƙarfinsa. Makiyayin da Yesu ya ba da misalinsa kuwa, ai da bai ƙirga ba, da bai san tunkiya ɗaya ta ɓace ba. Ya yi dariya ya ce to, a kawo littafin.

Ga abin da muka fara a ikkilisiyarmu, muna kuma roƙon dattawa da Zumuntar Mata a kowane wuri su gwada. Mun sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi. Kowane mai shekara 60 zuwa sama yana da shafi huɗu, in ya yarda. In bai yarda ba, ba tilas. Mutum biyu suke zuwa, mata wurin mata, maza wurin maza, a wata guda kowace shekara. Mun zaɓi bayan girbi. Ba ma tambayar "yaya jiki", gama mun san amsarta. Mukan ce, Iya, zura mana zaren nan a allura. Mukan miƙa takardar kuɗi mu ce nawa ce wannan. Mukan lura ko tana tashi daga tabarma ba tare da dafa bango ba. Sau nawa kika ci abinci jiya, me kika ci? Kin fāɗi a bana? Barci fa? Kawo maganinki mu gani, yaushe aka saya, saura nawa? Wa ya shigo wurinki a makon nan, ke kuma ina kika je? Kina cikin adashi har yanzu? Akwai wata ma'aikaciyar jinya a cikinmu, ita take auna jini. Sa'an nan a buɗe shafin bara a gwada. Amsar bana ita kaɗai ba ta faɗa mana kome sosai. Bambancinta da ta bara shi ne yake sa mu kira ɗa ko 'ya a waya a daren nan.

Gargaɗi ɗaya mai ƙarfi. Abin da yake cikin littafin nan amana ce. Ba a karanta shi a sanarwa, ba a mai da shi "abin addu'a" a gaban taro, ba a kai shi hira. Tsoho ya gwammace yunwa da tonon asiri, in kuwa ya ji zancensa a bakin wani, ya rufe ƙofa ke nan har abada. In a gidan dangi Musulmi yake zaune, a fara gaida maigida, a faɗa masa abin da ya kawo mu. Ƙanen Iya da kansa yake shimfiɗa mana tabarma yanzu, har ya ce mu auna nasa jinin.

A kan ido kuwa, kada a yi jinkiri. Binciken makanta da aka yi a dukan Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya duba mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Wajen huɗu cikin ɗari makafi ne, yana ce babban dalili, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na makantar irin wadda za a iya hanawa ko warkarwa ce. A Kano muna da asibitin ido na ECWA, wanda mishan ta SIM ta kafa a 1943, ga kuma asibitocin gwamnati. A guji masu kwantar da yana da tsinke a gida, sun lalata idanu da yawa.

An yi wa Iya aiki a idon dama, na hagu sai bayan damina. Ran da aka cire bandeji ta dube mu ɗaya ɗaya, ta ce da mai rubuta wannan shafi, "Kai, ɗan nan, yaushe ka yi furfura haka?" Ta koma kasa daddawarta a zaure. Matan adashi sun ce sai zagaye mai zuwa za a sa ta, ta kuwa aiko jikar ƙanenta ta tambaye mu ko Zumuntar Mata za ta ranta mata kuɗin zubin farko.